Saniyar Tsohuwa da Hutun Watan Yuli

A shekarun da na san garin, in rana ta yi sanyi titin ba na mutane ba ne, na shanu ne. Motar da ke ɗauko mu daga gona sai ta tsaya a bakin gari, direba ya kashe inji ya kunna taba, mu zauna muna jiran garke ya wuce. Ba mai raka su gida-gida. Kowace saniya ta san ƙofarta. In ta iso sai ta ware daga cikin 'yan'uwanta ta tsaya, in ba a buɗe da wuri ba ta yi kuka, ko ta tunkuɗi katakon da goshi. Mukan gaji da jira kafin ta ƙarshe ta shige. Bara aka nuna mini wannan titin a waya ina zaune a Doha. Shanun da suka wuce ban cika yatsun hannuna biyu da su ba, kuma mai bin su da sanda tsohuwa ce da ta girme ni.

Ni mutumin ƙasar Katsina ne, daga wajen Funtuwa. Ina saurayi aka tura mu Romaniya karatun aikin gona, lokacin ƙasar tana hannun 'yan gurguzu. Can na koyi yarensu, don dole, saboda da shi ake darasi kuma da shi ake sayen burodi. Daga baya aiki ya kai ni Sudan wajen gonakin auduga, inda Larabcin makarantar allo ya zama na kasuwa, ya kai ni Nijar, ya kai ni wasu wuraren. Yanzu ina zaune wurin 'yata da mijinta a unguwar Ain Khaled ta Doha, saboda likitan gwiwa da kuma jikoki.

Ba zan faɗi sunan garin ba, don waɗanda zan ambata suna raye. Ƙaramin garin manoma ne a kudancin ƙasar, a cikin wani shimfiɗaɗɗen fili da ba tudu ba kwari, ba nisa da babban koginsu Danub. Ƙasar baƙa ce, mai nauyi, in ta jiƙe takan cire wa mutum takalmi. Na taɓa ƙasa a wurare da yawa, ban taɓa wadda ta kai ta albarka ba. Masara suke nomawa da alkama da wani dogon fure mai faɗin kai da ake matse mai daga 'ya'yansa. Gidajen a jere suke gefen titi ɗaya mai tsawo, kowanne da shingen katako da inabi a tsakar gida. A bakin gari akwai rijiyoyi masu jigo, irin jigon da na baro a fadamar garinmu sak, abin da ya fara sa ni jin cewa ba wata duniya aka kawo ni ba. A kan falwayoyin lantarki shamuwa ke sheƙa, tasu fara ce kuma ta fi tamu girma. In lokacin sanyi ya zo iska kan taso daga gabas ba abin da ke tare ta, ta tara ƙanƙara har ta rufe shinge.

Tarihin garin duk tarihin ƙasar noma ne, wa ya riƙe ta, wa aka karɓe wa. Da farko ta wani mai gandu ce da ke zaune a babban birni, mutanen gari suna yi masa aiki. Bayan yaƙin duniya na farko aka yanka wa talakawa. Bayan na biyu 'yan gurguzu suka haɗe ta wuri ɗaya suka ce ta kowa ce, suka bar wa kowane gida lambun bayan ɗaki da saniya. A wannan zamanin aka riƙa kwaso mu ɗalibai da kaka muna karyar masara, ta haka na san garin. Da gurguzu ya faɗi aka mayar wa mutane gonakinsu siri-siri, ba tarakta ba taki. Da aka buɗe iyakoki kuma matasa suka bi hanyar Italiya da Sifen, suna tsinkar lemon wasu, suna jinyar tsofaffin wasu. Gonakin suka koma haya a hannun manyan kamfanoni. Abu ɗaya ne ya tsallake duk waɗannan juye-juyen, shi ne makiyayar gari, wani fili mai faɗi tsakanin gidajen ƙarshe da rafi, wanda mai gandu bai nome ba, 'yan gurguzu ma ba su nome ba.

A garinmu Bafulatani ake ba kiwon gari a biya shi. A Sudan ma haka na gani. Su kuwa karɓa-karɓa suke yi. Duk gidan da ke da saniya a garke zai ba da mutum ɗaya ya yi kiwon yini guda, ranar tana bin titi ƙofa-ƙofa. Wanda ya yi yau, da yamma sai ya rataye ƙaho da bulala a ƙofar na gaba. Da safe mai ƙaho zai faro daga kan titi yana busawa, ƙofofi suna buɗewa, shanu suna fitowa. Ƙofar da ba ta buɗe ba sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa. In shiru, ya haura shinge ya duba. Na ga malamin makarantar garin da tabarau da littafi a aljihu yana bin shanu don ranarsa ta zo, muka yi ta dariya, mu da muka taso da ganin cewa mai ilimi ya wuce wannan. A lokacin gidajen suna da yawa, mutum kan yi kiwo ya manta kafin ƙaho ya sake zagayowa ƙofarsa.

Ɗan ƙanwata yana aikin gadi a wata bargar dawaki a wajen birni. Mutum ne mai shekara arba'in da ɗoriya, mai 'ya'ya a gida, kuma bakinsa ba ya gajiya. Wata Juma'a da ya zo cin abinci ya ce mini akwai wani Bature maƙeri a wurinsu, mai yi wa dawaki takalmin ƙarfe, wanda Turancinsa bai fi na akuya ba, kuma an ce daga ƙasar da na yi karatu yake.

"Kawu, zo ka gwada mana yaren nan da kake ta cika mana baki da shi. In ƙarya ce mu sani tun kana raye."

Na je. Na sami mutum ƙaƙƙarfa mai furfura, ya ɗora ƙafar doki a cinya yana fiƙe kofato. Na yi masa sallama da yarensu. Ya saki ƙafar dokin a hankali ya miƙe yana kallona, sannan ya leƙa ko akwai wani a bayana. Da na gaya masa yankin da aka riƙa kai mu karyar masara, na lissafa garuruwan da na tuna, sai ya dafa ƙirji a kan ɗaya daga ciki. Yana yaro ƙarami lokacin. Ya ce ya tuna baƙaƙen ɗalibai da ke sa duk kayansu a jiki lokaci ɗaya saboda sanyi, har ba sa iya sunkuyawa. Na ce ina cikinsu. Daga ranar ya riƙa kirana Injiniya, don haka suke kiran malamin gona a can.

Na riƙa zuwa wurinsa jifa-jifa, muna shan shayi a inuwar rumbun ciyawa. Shi ya nuna mini titin a waya, kuma ta wayar ya haɗa ni da mahaifiyarsa, tsohuwar da na ambata mai bin shanun. Mijinta ya rasu, 'yarta tana Italiya, shi yana nan. Ita kaɗai ce a gidan sai saniya. Na gaishe ta da gaisuwar girmamawa irin tasu, wadda ma'anarta na sumbaci hannunki. Ta yi dariya har da tari, ta ce yarena irin na rediyon da ne, rabon da ta ji mai magana haka tun zamanin gurguzu. Ta tambaye ni ko na iya cin tuwon masararsu da cuku yanzu, ko har yau ina neman yaji. Ta ce ita ce ke dafa wa ɗalibai a gandun, kuma mun ɓata masara fiye da yadda muka karya. Ban musa ba.

Damuwar maƙerin ita ce wannan. Gidajen da suka rage da saniya kaɗan ne, duk na tsofaffi, don haka ƙaho ba ya daɗewa yake dawowa ƙofar kowa. Shekarun baya wani maƙwabci ne ke yi wa uwarsa ranarta, to a lokacin sanyin da ya wuce 'yarsa ta zo ta tafi da shi Sifen. Dokar garke kuwa ba ta canza ba, gidan da bai iya ba da mai kiwo ba saniyarsa ta zauna a gida. Hukumar gari kuma ta riga ta faɗa musu cewa in garke ya daina fita, za a ba da makiyayar haya ga kamfanin da ke noma gonakin kewaye. Garken kan fara fita ne idan ƙanƙara ta narke ciyawa ta tashi, a ranar wani waliyyinsu cikin watan Afrilu. Yana so a ba shi hutunsa a lokacin, ya je ya tsaya wa uwarsa, ya yi wa sauran tsofaffin nasu ranakun, ya nemo wani daga garuruwan kusa da zai riƙe kiwon har kaka. Hutu a barga kuwa na watan Yuli ne, lokacin da zafi ke hana dawaki fita.

Na ce wa tsohuwar, cikin tunanin mutumin garinmu, me zai hana ta ba wani dangi riƙon saniyar a riƙa kawo mata madara. Sai ta ce:

"Injiniya, madara nawa tsohuwa za ta sha? In ƙaho ya busa dole in tashi in buɗe ƙofa. Ranar da ban buɗe ba wani zai haura shinge ya ga abin da ya same ni. In ba garke, wa zai bi ta titin nan da safe?"

Ɗanta yana gefe yana jin ta, yana juya ƙusar takalmin doki a yatsunsa. A nan na gane abin da yake neman hutun dominsa.

Ya roƙe ni in raka shi wurin mudir, wato manajan bargar, in yi masa tafinta, don ya gwada da Turancinsa an ce masa khalas, wato ya isa haka, a yi magana daga baya. Mudir ɗin Balarabe ne amma ba ɗan ƙasar ba, shi ma baƙo ne kamar kowa, mutum mai fara'a da waya biyu. Ya karɓe ni da girmamawa, ya sa aka kawo gahawa, yana kirana ya Hajji. Na zayyana masa komai da Larabci, ban rage ba. Ya saurara. Ya ce watan Afrilu ƙarshen wasanni ne, dawaki suna fita kullum, in takalmin ɗaya ya cire wa zai mayar? Wannan hujja ce, ban ƙi ta ba. Abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini a wuya.

Ya tambayi sunan garin, ya buga a waya, ya juyo mana da ita. Ga shafi an rubuta komai tsaf: inda garin yake, faɗinsa, shekarar da aka fara ambatonsa, yawan jama'arsa. Ya ɗora yatsa a kan adadin ya ce:

"Ya Hajji, duba da idonka. Garin manoma, ga mutane dubbai. A ce duk a rasa mai bin saniya yini ɗaya? Gaya masa ya faɗi gaskiya, in bikin aure ne zai je mu sani."

Na juya wa maƙerin maganar, na cire ƙarshenta. Ya karɓi wayar ya duba adadin, ya ce shi ma yana cikin wannan lissafin, da ƙanwarsa da ke Italiya, da mijinta, da 'ya'yansu da ba su iya yaren sosai ba. Sunansu yana can, gidansu yana can, su ba sa can. Ya fara bin titin da baki, gida-gida: wannan a kulle, wannan tsoho ɗaya, wannan a kulle, wannan rufinsa ya faɗa. Na mayar da Larabci har mudir ya ɗaga hannu. Ya ce shi abin da aka rubuta ya sani, kuma Yuli bai yi nisa ba.

Na yi aiki da irin wannan adadi shekara da shekaru, na san yadda ake tara shi. Amma ban taɓa ganin an ɗauke shi an rufe wa mutum baki da shi a kan garinsu ba sai ranar. Mutum ya gaya maka uwata ita kaɗai ce a layinsu, ka ce masa waya ta ce ku dubbai ne. Kuma mai faɗar haka, da za a buga sunan nasa garin, ana ƙirga shi a can yana nan yana shan gahawa. Duk wanda ke cikin ofishin nan, har da mai kawo gahawar, har da ni, sunansa yana cike wani adadi a wani gari da ba ya kwana a cikinsa.

Da muka fito, ɗan ƙanwata yana bakin ƙofa ya karanci fuskokinmu. Ya ce to ai sai a yi yadda ake yi a gida, in ƙarami ya hana a je wurin babba. Mai dawakin, wanda shi ne kafil ɗinsu duka, wato mai ɗaukar nauyin zamansu a ƙasar, yana zama a majalisinsa na karɓar baƙi bayan la'asar, kuma ba a korar dattijo mai farin gemu. Ya kuma ƙara da tasa shawarar, cewa shi bai ga abin wahala ba, a samu wani yaro a unguwa a ba shi ɗan abu ya kora shanun.

Na ce masa ai maganar ke nan tun ɗazu, babu yaron.

"Haba Kawu, gari guda ba yaro?"

Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Mu da muka fito daga inda in ka ɗaga murya a ƙofar gida yara goma za su amsa, kanmu ba ya ɗaukar gari mai makaranta a kulle. A wurinmu mutane sun yi wa ƙasa yawa har gonaki sun cinye burtali. A wurinsu ƙasar tana nan baƙa ƙirin tana jira, mutanen ne babu. Na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin damina a gida, kuma wa ke yi wa uwarsa, ƙanwata, huɗa. Ya ce Kawu ka cika tone-tone, ya tafi buɗe wa wata mota ƙofa.

Muka je majalisin. Mai dawakin dattijo ne mai kirki, wannan ba zan ɓoye ba. Ya zaunar da ni kusa da shi, ya tambaye ni Sudan, ya tambaye ni dawakin ƙasarmu. Da na kawo maganar ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai don tausayi, ya ce uwa ba abin wasa ba ce. Ya ce zancen ranakun hutu na mudir ne, ba ya son shiga aikin wanda ya ɗora. Sannan ya juya ga wani na kusa da shi ya ce a tambayi kuɗin saniyar a ba maƙerin ninki biyu, a kuma ƙara abin da za a riƙa saya wa tsohuwa madara a kanti, ta huta da wahala. Mutanen majalisi suka yi ta sa albarka.

Na daɗe ina tafinta a rayuwata, ban taɓa jin nauyin juya magana kamar wannan ba. Kyauta ce ta gaskiya, da zuciya ɗaya aka yi ta. Amma mutumin ya zo neman a bar shi ya je ya tsaya a ƙofar uwarsa, an ba shi kuɗin rufe ƙofar. Na gaya masa da yarensu. Wuyansa ya yi ja har kunne. Ya ce in yi godiya, in ce saniyar ba ta sayarwa ba ce. Na yi godiyar, na tsawaita ta yadda ya kamata, na ce zai yi shawara da mahaifiyarsa. Aka zuba mana turare muka fito.

Muka kamo hanya a mota har muka wuce fitilun unguwar Al Thumama. Ina kallon ciyawar da aka shimfiɗa a tsakiyar titi, kore shar, ana ba ta ruwa da bututu a ƙasar da ba ta san damina ba, ba kuwa dabbar da za ta ci. Can kuma ga makiyaya da Allah ya shayar kyauta, za ta tafi don an rasa mutum ɗaya mai ƙafa biyu. Daga baya maƙerin ya ce zai iya ajiye aikin ya tafi. Ya faɗa ne kawai. Da albashin nan ake saya wa tsohuwa itacen hunturu da magani, da shi 'yarsa ke karatu. A garin ba doki ko ɗaya da ya rage da zai yi wa takalmi.

Afrilu ya zo, garke ya fita, ƙaho ya iso ƙofar tsohuwa. Ta ɗauka. Ta gaya wa sauran cewa gidanta bai taɓa tsallake rana ba tun tana amarya, ba kuma za a fara a kanta ba. Hoton da na ambata a farko, matar mai kantin garin ce ta ɗauka ta turo wa ɗan. Karon farko ta dawo lafiya, har tana yi mini gori a waya cewa ta fi ni ƙafa, ni da ke da likitan gwiwa. Ta sake yi, ta sake yi. Kowane karo maƙerin yakan yini da waya a aljihun gaba, yana buga ƙusa yana duba ta.

Da rana ta fara zafi a can, wani yini ta zauna a gindin bishiya da tsakar rana, ƙafafun suka ƙi tashi da wuri. Kafin ta miƙe shanun sun tsallaka rafi sun shiga alkamar kamfani. Ba wata ɓarna mai yawa suka yi ba, amma aka zo da mota, aka ɗauki hotuna, aka kai ƙara hukumar gari, aka ce in ya sake faruwa kowane mai saniya zai biya tara. Tsofaffin suka taru a ƙofar coci bayan ibadar Lahadi. Ba wanda ya zarge ta, don kowa ya san gobe shi ne. Suka ce kowa ya ɗaure tasa a gida. Garke ya daina fita, hukuma ta cika maganarta.

Na yi fushi, har yau ban huce ba, kuma abin da ke ƙara mini shi ne na rasa wanda zan kama. Mudir bai karya doka ba. Mai dawakin alheri ya yi niyya. Kamfani alkamarsa ya kare, hukuma ta ba da sanarwa tun da wuri. Kowa yana da gaskiyarsa a hannu, kuma tsakanin waɗannan gaskiyoyin aka rasa 'yan makonnin da za a ba mutum ɗaya. Abin da mai gandu bai taɓa ba, abin da gurguzu da duk ƙarfin hannunsa ya ƙyale, ya tafi ba tare da an ɗaga wa kowa murya ba. A rumbun barga akwai damman busasshiyar ciyawa da ake kawowa ta jirgin ruwa daga ƙasashen waje. Ban ce daga can suke ba, ban sani ba. Amma tun daga lokacin in na zauna a inuwarsu shan shayi sai in ji ba na son jingina da su.

Watan Yuli aka ba maƙerin hutunsa cif, har mudir ya yi masa fatan sauka lafiya. Ya sami saniyar a ɗaure a bayan gida ta rame, tsohuwa tana yanko mata ciyawar bakin titi da lauje. Ya sami makiyayar an kewaye ta da waya an bi ta da garma. Ba inda za a yanki ciyawar da za a ajiye wa hunturu, don haka kafin ya dawo ya kai saniyar kasuwar wani gari ya sayar. Uwarsa ba ta fito ba lokacin da aka sa ta a mota. Ya ce ƙahon da bulalar suna nan rataye a ƙofarsu, don a kanta zagayen ya tsaya, ba wanda ya zo karɓa.

Ya kawo mini cuku a cikin gwangwani, na ƙarshe daga madarar saniyar, da saƙon tsohuwa cewa in ci da tuwon masara in bar yaji. Ɗan ƙanwata ya ɗanɗana ya ce gishiri ya yi yawa, ya ƙara yanka. A watan da ya biyo baya shi ɗan ƙanwar tawa ya nemi hutu ya tafi gida ganin uwarsa, bai ce mini saboda me ba, ni ma ban tambaya ba.

Yanzu maƙerin yakan kira uwarsa kowace safiya kafin ya hura wuta. Yawanci tana ɗauka. In ba ta ɗauka ba sai ya kira matar mai kanti, ita kuma sai ta sami wanda zai tsare mata kanti kafin ta taka zuwa ƙarshen titi, wani lokaci sai rana ta ɗaga. Shafin da ke cikin waya har yanzu yana cewa garin manoma ne mai mutane dubbai. Garin ba shi da garke, ba shi da makiyaya, kuma ba mai bi ta ƙofar tsohuwar da safe.